Idon Dama na Gwamnati, na Hagu na Inshora

Rumfar Mai Agogo ba ta wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. A maƙale take tsakanin shagon Tela da bangon tsohon gidan waya: akwatin gilashi a gaba, kujera mai gajerun ƙafafu a baya, sai 'yar fitila da ke sunkuye a kan farin ƙyallen da yake baje kayan cikin agogo. Ƙyallen nan kullum a wanke yake, a goge. Wanda ya koya masa sana'ar, wani tsohon malami a makarantar mishan inda ya yi karatu, shi ya gaya masa cewa ƙusar agogo in ta faɗa cikin ƙazanta ta tafi ke nan, kuma wanda ba ya share teburinsa kada a ba shi amanar lokacin mutane. Tun yana saurayi ya riƙe maganar, har gashin kansa ya koma launin ƙyallen.

A makarantar nan aka fara danƙa masa agogon bango na ofishin hedimasta, yana yi masa wani, wato murɗa masa makulli, yana share masa ƙura, yana kaɗa ƙararrawa a kan abin da ya nuna. Da suka gama, 'yan ajinsu suka watse, wasu akawu, wasu malanta, wasu aikin jirgin ƙasa. Shi kuwa ya ce ya ga abin da zai yi. A wancan zamani agogo dukiya ce. Mutum kan saye shi sau ɗaya, ya kawo shi wanki kamar yadda ake kai yaro aski, in ya mutu ya bar wa ɗansa. Yanzu kowa lokacinsa yana cikin waya, amma har yau akwai tsofaffi da masu gadon agogo, kuma duk garin sun san rumfa ɗaya ce ake buɗe agogo a rufe shi ba a bar ko ƙusa ɗaya a waje ba.

Da idon dama yake aiki. Akwai wani ɗan baƙin madubi mai kamar murfin kwalba da yake maƙalawa a idon, ya runtse na hagu, ya ɗauki hantsakinsa ya shiga cikin agogo kamar mai shiga ɗakinsa. Shekara da shekaru fatar idon ta yi wa madubin gurbi. Yana iya dariya, yana iya tari, yana iya faɗa da Tela a kan wanda ya zubar da ruwa a ƙofar wani, madubin ko motsi ba ya yi. Idon hagu kuwa ɗan rakiya ne, aikinsa ganin hanya da gane mai gaisuwa.

'Ya'yansa biyu, duka mata. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, malama ce a makarantar gwamnati, mace mai murya da riƙon gaskiya, wadda ba ta taɓa fashin taron ƙungiyar malamai ba. Ƙaramar, Auta, tana aiki a kamfanin waya, tana da mota, kuma tana magana da sauri kamar ana ƙirga mata kalmomin. Tun suna ƙanana uban ya ɗauki wata al'ada da ta ishi gidan: ba ya fifita ɗaya a kan ɗaya, ko da a kan tsinke ne. In takalmin Yaya ya tsinke, takalma biyu zai sayo, ko da na Auta sabo ne. Da suka yi aure, in ya leƙa gidan ɗaya to dole ya leƙa gidan ɗayar kafin rana ta faɗi, in ya ci a can sai ya ci a nan, ko da cikinsa ya yi tsini. Matarsa, wadda 'ya'yan ke kira Inna har shi ma ya bi su, ta sa masa suna Raba-Daidai, kuma ba yabo take yi ba.

Da abin ya fara, fitila ya ɗora wa laifi. Ya canza ƙwai, ya ce na yanzu duk jabu ne. Ya koma kan masu ƙera agogo, wai sun daina zuba tawada a lambobi. Tela ne ya fara ganewa, ranar da ya ji shi yana gaida wata babbar riga da aka rataye a ƙofar shago, har yana tambayarta iyali. Bayan haka ya mayar wa wani agogo hannuwansa a juye, mai shi ya makara wurin aiki ya dawo yana ƙorafi. Mai Agogo bai ci abinci ba ranar. Inna ba ta nemi shawararsa ba, ta kira 'ya'yanta.

A falo aka zauna, kuma kafin a gama gaisuwa gardama ta kaure. Yaya ta ce asibitin gwamnati za a je, can manyan likitoci suke, waɗanda ake gani a asibitocin kuɗi da yamma ai su ne dai na gwamnatin suka canza riga. Ta ce lafiya ba haja ba ce, kuma Baba ya biya haraji tun kafin a haifi masu kamfanin inshorar. Auta ta ce inshorar wurin aikinta ta yarda a saka iyaye, kati kawai za a nuna, ba layi, ba tsawa, ba warin magani.

"Yaya, a asibitinku fa kafin layi ya zo kan mutum, ko ya warke don kansa ko an yi sadakarsa."

"A naku kuwa sai an duba katin mutum kafin a duba ko yana numfashi."

Shi dai yana zaune yana jin su, yana tuna ɗakin shan magani na mishan, inda wata Sista mai farin kallabi takan ce ka fito da harshe, ta ja fatar idonka ƙasa, ta zuba maka wani ruwa mai ɗaci daga babbar kwalba, ka tafi. Benci ɗaya ne, ƙofa ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa na wane ne shi. Ya san ba a yin aikin ido a wurin, ya san mutane da yawa sun makance a lokacin ba wanda ya iya musu komai, amma tunanin kan zo masa da ƙanshin sabulu, ba ya zuwa da makafin.

Da ya ga kowacce ta kafe, kuma duk wadda ya bi ya kunyata ɗayar, sai ya yi gyaran murya ya yanke hukunci.

"Allah ya ba ni 'ya'ya biyu, ya ba ni ido biyu. Ban ga abin gardama ba. Yaya ce babba, ta ɗauki na dama. Auta ta ɗauki na hagu."

Inna ta dube shi ta ce ido ne fa, ba gado ba. Ta ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma tunda take ba ta taɓa jin an kai rabin mutum wani asibiti an kai rabinsa wani ba. Ya ce to yau ta ji. 'Ya'yan suka yi dariya suka amince, domin kowacce a ranta ta tabbata nata ɓangaren ne zai fara gamawa, daga nan ta karɓe ɗayan idon cikin ruwan sanyi.

Asibitin gwamnati ya fara zuwa, saboda girman Yaya. Suka yi sammako, suka tarar wasu sun riga su, an jera katuna a ƙasa an danne da duwatsu, masu su suna zaune a inuwa suna gadin duwatsun. Bencin ya yi santsi don zama. Fankar sama tana nan amma ta yi ritaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne agogon bangon da ke saman tagar masu kati, wanda ko da hazon idonsa ya gane a tsaye yake, don ba ya jin bugunsa. Ya je ya gaya wa akawun cewa shi mai gyara ne, a sauko masa da shi ya duba kyauta tunda zaman banza yake yi. Akawun ya ce sai an rubuta wa sashen ayyuka, su kuma sai sun nemi izini daga sama. Ya tambaya tun yaushe agogon ya tsaya. Akawun ya ce shi dai haka ya same shi.

Sai da rana ta karkata suka ga likita. Yarinya ce, ba ta kai Auta ba, idanunta sun yi ja don gajiya, amma hannunta na da sanyi da tabbaci, irin hannun da yake girmamawa. Ba ta tambaya wane ido ne na wa ba, ta haska duka biyun. Ta ce yana ce ta rufe su, ta daman ta fi nuna, ita ya kamata a fara cirewa, kuma kada a bari ta daɗe. Aikin ba wuya, ba kuma za a karɓi komai ba sai abin da ba a rasa ba. Aka sa sunansa a layin tiyata, aka ce ya dawo wata mai zuwa. Yaya ta fito tana tafiya kamar ita ta gina asibitin.

Wata mai zuwa ya zo, aka ce tukunyar dafa kayan aiki ta lalace. Wanda ya biyo, tukunya ta gyaru amma ɗan gilashin da ake sakawa a ido bai iso ba. Gilashi ya iso, ma'aikata suka tafi yajin aiki, kuma Yaya, wadda ba ta taɓa ƙin goyon bayan yajin aiki ba, ta rasa bakin magana. Aka dawo, aka ce an tura likitar kwas. Likita ta dawo, fayil ya ɓata. Kowane zuwa sai ya rufe rumfa, ya yi sammako, ya nemi dutse, ya zauna a ƙarƙashin mataccen agogon nan har a leƙo a ce masa ya yi haƙuri. Tela ya ce ya kamata a ba shi albashi, don ya fi wasu ma'aikatan zuwa.

Can ɓangaren Auta kuwa, ranar farko har kunya ta kama shi. Ɗaki mai sanyi, kujeru masu laushi, talabijin na yi wa kansa magana, ga wata yarinya a bayan kanta mai murya kamar zuma, kowace kalma sai ta haɗa da Baba. Ta karɓi kati, ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce idon hagu. Ta ce na daman fa, lafiyarsa ƙalau? Shi mutum ne da aka yi wa bulala a kan ƙarya tun yana aji ɗaya, don haka ya gaya mata gaskiya dalla-dalla: na daman ma yana da yana, amma yana da likitarsa a wani asibiti, ana kan dubawa. Ta yi murmushi ta danna na'urarta. Auta tana waje tana amsa waya. Bai san cewa da bakinsa ya rufe wata ƙofa ya jefa makullin a rijiya ba.

Da ya shiga wurin likitan, wani dattijo mai ƙamshin turare, aka duba na hagu da na'urori iri-iri. Likitan ya juyo da fitilarsa zai leƙa na daman, ko don sabo. Mai Agogo ya sa tafin hannu ya rufe shi.

"Likita, wannan na yayarta ne."

Likitan ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Ya duba takardar gabansa, ya ga lallai hagu kaɗai kamfani ya amince a duba, ya kashe fitila. Daga ranar bai sake nema ba, shi kuma bai sake bayarwa ba.

Kada a ɗauka a nan ma abin ya zo da sauƙi. A asibitin gwamnati mutum yake jira, a nan lamba yake jira. Ba a taɓa ka sai kamfanin inshora ya aiko da lambar amincewa. Lamba ta zo ta dubawa, ba ta gwaji ba. Ta gwaji ta zo, ta tiyata ta maƙale. Ta tiyata ta zo, aka ce ba ta haɗa da gilashin da za a saka ba, kamar a yarda a cire wa agogo batir a hana saka wani. Auta ta yi ta buga waya, ana sa mata kiɗa tana jira, har Inna ta haddace kiɗan tana rera shi a kicin. Ana cikin haka asibitin ya liƙa sanarwa cewa ya daina karɓar katin wannan kamfani, don kamfanin ya daina biyansu. Aka mayar da shi wani asibiti a ƙarshen gari, aka sake komai daga farko: sabon kati, sabon gwaji, sabuwar lamba, sabuwar yarinya mai irin muryar waccan. Abin da aka rubuta game da idon dama kuwa ya bi shi can, don na'ura ba ta mantuwa kamar akawu. Ya ce wa Tela bambancin kawai shi ne a can kana jira cikin zufa, a nan kana jira cikin sanyi, kuma sanyin ma ya tayar masa da ciwon gwiwa.

Amma dai na hagun aka fara yi. Da aka cire bandeji, duniya ta buɗe masa kamar tagar da aka wanke. Ya ga ƙura a saman kabad, ya ga ashe labulen falo kore ne. Ya dubi Inna ya daɗe, ya tambaye ta yaushe ta tsufa haka. Ta ce tun ranar da ta aure shi. Auta ta zo da fara'arta har kunne, tana gaida Yaya da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo.

Sai dai ido mai gani ba shi ne ido mai aiki ba. Rumfa tana buɗe, amma batir da maɗauri kawai yake canzawa, agogunan kirki suna kwance a akwati suna jiran idon dama, shi kuma idon dama yana jiran gwamnati. Auta ta ce a kawo shi ta ƙarasa. Ya ce ba nata ba ne. Inna ta yi magana har ta gaji, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya rabon adalci gidansa na cin wuta ba. Yaya ta ce saura kaɗan, ta samu wata nas da ta koyar da ɗanta, an gano fayil, an ce wannan karon tabbas ne. Ba wanda ya san irin zaryar da Yaya ta yi a asibitin nan bayan tashi daga makaranta, da irin ƙofofin da ta tsaya tana murmushin dole, ita da ba ta iya roƙo ba. Da tabbas ɗin ya sake zama wata mai zuwa, ta zo gida ta zauna a bakin gado, ba ta ko ajiye jaka ba, ta ce wa ƙanwarta ta ɗauka, ta bar mata. Sai da uban ya tabbatar da bakinta ta faɗa, ba matsa mata aka yi ba, sannan ya yarda.

Suka je da Auta, ita tana gaba tana kaɗa makullin mota. Yarinyar kantar ta danna na'ura, ta karanta, ta ɗago da murmushinta. Ta ce Baba ya yi haƙuri, wannan idon tun ranar farko an rubuta cewa tsohon ciwo ne da ake kula da shi a wani wuri, kuma tsarin da yake kai ba ya ɗaukar irin wannan. Auta ta ce ai na hagun ma tsohon ciwo ne, yana ɗaya ce, kai ɗaya ne, mutum ɗaya ne. Yarinyar ta ce haka ne, Anti, amma na hagun ba a ce yana da wani likita ba. Auta ta nemi manaja, manaja ya ce kamfani ne, kamfani ya ce a rubuto, kwamiti zai zauna. Duk wanda suka yi wa magana sai ya ba su haƙuri da ladabi. A mota Mai Agogo ya ce shi ya fi son na gwamnati, don su in za su hana ka, da ɗaurarriyar fuska suke hana ka, ka san an hana ka. Auta ba ta yi dariya ba.

Kwamiti bai zauna ba, wata mai zuwa bai zo ba, sai idon ya gaji da jiran su duka. Wata rana da hantsi yana rumfa ya ji kamar an kafa masa ƙusa a gira. Kafin azahar idon ya yi jajir, rabin kansa na sarawa, ya sunkuya bayan akwati ya yi amai. Tela ya bar ɗinki a kan keke, ya tare motar haya. Asibitin inshorar farko ya fi kusa, can suka nufa, aka ce ba sa karɓar katin. Wata nas da ta ga idon ta biyo su har bakin ƙofa, ta ce da Tela ƙasa-ƙasa kada su tsaya neman lamba a ko'ina, su wuce asibitin gwamnati, ƙofar gaggawa.

Abin da ya faru a can shi ne har yau in ya tuna yake jin haushi ya fi na ciwon. Asibitin da ya yi watanni yana gadin dutse a ƙofarsa, yau ko kati ba a tambaye shi ba. Nan take aka kira likitar. Tukunya tana aiki. Gilashi yana nan. Fayil ya fito da kansa kamar dama a ƙarƙashin gwiwar hannun akawu yake. Aka ɗiga masa magani, aka yi masa allura, kafin la'asar yana kwance a ɗakin tiyata. Daga baya ya ce wa Tela yanzu ya gane: gwamnati tana da komai, sai dai ba ta ganin mutum sai ya faɗi.

Washegari likitar ta zo ta cire bandeji, ta rufe masa na hagu, ta kaɗa hannu a gabansa. Ya ce ya ga kamar inuwa ta gilma. Ta ɗaga yatsu ta ce ya faɗi nawa ne. Ya ce ba ya ganinsu. Ta zauna a kujerar gefen gado, ta yi musu bayani a hankali, ga Inna, ga 'ya'yan biyu a tsaye: yanar ta nuna har ta kumbura, ta toshe hanyar ruwan ido, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, kuma ba jiya abin ya fara ba, ya daɗe yana ci a ɓoye. An cire yanar, ciwon zai tafi, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ta ce laifinsu na jinkiri ba ta musa shi ba, ita ma abin yana cin ta. Amma ta ga an yi wa na hagu aiki mai kyau a wani wuri, to duk zuwan da yake yi gaban likitan ido a can, ba wanda ya auna na daman ko sau ɗaya? Da an auna da an gani, da takarda ɗaya daga can ta isa ta tsallakar da shi layi.

Mai Agogo ya dubi silin. Inna ce ta ba da labarin tafin hannun, ba ta rage komai ba. Likitar ta dube shi, ta dubi 'ya'yan, ta tashi ta tafi wurin mai gado na gaba.

A baranda Yaya da Auta suka dasa daga inda suka tsaya, amma yanzu da kuka a ciki. Wannan ta ce layinku, waccan ta ce na'urarku. Uban yana jiyo su daga gado, ya aika a kira su. Ya ce kada wadda ta ɗora wa 'yar'uwarta, ya auna abin, laifin biyu ne daidai, rabi na gwamnati, rabi na inshora, ba wanda ya fi wani.

Inna tana ninke zane, ba ta ko ɗago ba.

"To Raba-Daidai, naka kason fa? Ko shi ma 'ya'yan za ka raba wa?"



Da ya warware ya koma rumfa, ya wanke ƙyallensa, ya kunna fitila, ya ɗauki madubin ya kai idon hagu. Madubin ya faɗo. Ya mayar, ya matse fuska kamar mai shan ɗaci, ya sake faɗowa ya gangara har ƙofar Tela. Tela ya ɗauko, ya yi masa ɗinkin roba irin ta wando, ya ce ga shi nan, in ya so ya ɗaura har kwana. Madubi ya zauna, sai aka koma kan hannu. Hannun nan da idon dama ya saba, tare suka girma. Yanzu in ya kai hantsaki zai ɗauki ƙusa, sai ya sauka gefenta da kamar kaurin gashi, kuma a cikin agogo kaurin gashi tafiya ce mai nisa. Ya fito da matattun agogunan da ya tara, ya riƙa kwancewa yana ɗaurawa kamar sabon ɗan koyo. Na bango suka fara yarda da shi, sannan na tebur. Manyan na hannu na maza, in ya yi a hankali da safe kafin idon ya gaji, yakan ci nasara. Ƙananan kuwa suka ƙi.

Wata safiya wata mata ta kawo agogon mahaifiyarta da ta rasu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, ta ce an gaya mata shi kaɗai ne zai iya. Ya buɗe bayansa, ya gane ciwon tun kafin ya gama kallo: siririyar wayar nan mai kama da gashi ce ta harɗe, aikin da a da yake yi yana hira. Ya ɗauki hantsaki ya kai, ya tsaya. Ya sake kaiwa, ya ga bakin hantsakin yana shawagi a kan abin da in ya taɓa ba daidai ba ya lalace har abada, kuma ba a ƙera irinsa yanzu. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye hantsakin, ya mayar da murfin, ya goge gilashin da gefen ƙyalle, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce akwai wani a layin masu gyaran waya da ke da na'ura mai nuna abu ƙato a allo, hannunsa ba laifi, ta kai masa, ta ce wayar ciki ce ta harɗe, kada ya taɓa komai ban da ita, kuma ta tsaya a kansa har ya share teburinsa kafin ya buɗe.

Matar ta yi godiya ta tafi. Tela, wanda ya tsayar da kekensa tun ɗazu yana saurare, ya ce tunda suke bai taɓa jin ya tura aiki wani wuri ba. Mai Agogo ya zare robar daga kansa, ya ce ai bai taɓa zama mai ido ɗaya ba sai bana. Ya jawo wani ƙaton agogon bango da aka kawo daga wata makaranta, ya kwantar da shi a cinya, ya ce da Tela in ya gama sa ido a aikin mutane ya zo ya riƙe masa nan.